Yadda Ake Haɗa Kek Mai Huda da Jeli Kala-Kala Don Taron Biki

Wannan kek ba ya buƙatar ƙwarewar ado da kirim, domin kwalliyarsa a ciki take, sai an yanka ake ganin layukan ja da kore da ruwan lemo sun gangara cikin farin kek. A Amurka ya yi suna a shekarun 1970, lokacin da kamfanin General Foods, mai yin garin jeli na Jell-O, ya riƙa tallata shi a mujallu. Dabarar ita ce a gasa farin kek, a huda shi ko'ina, a zuba ruwan jeli a ramukan, a bar shi ya daskare a firij. Ga mai shirin suna ko walima ko saukar karatu a Bauchi da Gombe, abubuwa biyu ne za su tabbatar da nasarar aikin, wato irin jelin da aka saya da kuma sanyin da kek ɗin zai samu.

Uwargida, ki fara da karanta kwalin jelin tun kina kanti. Jelatin, wato sinadarin da ke sa jeli ya daskare, daga fata da ƙashin dabbobi ake samo shi, kuma mai yawa daga cikin wanda ake yi a Turai da Amurka na alade ne. Saboda haka kada ki sayi kwalin da bai bayyana asalinsa ba. Ki nemi mai tambarin halal, wanda aka rubuta cewa na saniya ne ko na kifi, ki duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi. Masu sayar da kayan kek a kasuwar Wunti ko Muda Lawal a Bauchi, ko babbar kasuwar Gombe, sukan auna jelatin daga babban buhu su ƙulla a leda, to a nan ya dace ki nemi a nuna miki asalin buhun. Wannan abinci ne da za ki ba jama'ar da suka amince da ke, ba su da hanyar sanin abin da ke ciki, don haka nauyin binciken a wuyanki yake.

Kek ɗin kansa dole ya zama fari. Gwaiduwar ƙwai da bota mai rawaya sosai suna sauya launin jeli, har shuɗi ya koma kore, ja kuma ya dusashe. Don faranti mai tsawon santimita 33 da faɗin 23, ki tanadi fulawa giram 300, sikari giram 250, bota mai haske giram 170, farin ƙwai 5, madara kofi ɗaya, bekin hoda babban cokali ɗaya, gishiri kaɗan da filebon banila. Na rage sikarin da gangan, tun da jeli zai ƙara nasa zaƙin. Ki buga bota da sikari har su yi fari su tashi, ki zuba farin ƙwai kaɗan-kaɗan kina bugawa, sannan ki riƙa zuba fulawar da kika tankaɗe da bekin hoda kina bin ta da madara har su ƙare. Ki gasa a wuta mai digiri 180 na minti 30 zuwa 35, sai tsinke ya fito ba ƙullu a jikinsa. Wadda ke gashi a tukunya da yashi ita ma za ta iya, amma ta rage wuta don kada ƙasan ya yi duhu.

Kada ki juye kek ɗin daga farantinsa. Ki bar shi ya huce na minti 15 zuwa 20, domin idan yana da zafi sosai huda za ta dagargaza shi, idan kuma ya sandare gaba ɗaya ba zai sha ruwan yadda ake so ba. Abin da kika yi hudar da shi shi ne zai tsara kwalliyar. Cokali mai yatsu yana ba da siraran layuka masu yawa, ƙarshen mariƙin cokalin katako kuma yana ba da manyan ginshiƙai masu launi. A ganina na biyun ya fi dacewa idan launi fiye da ɗaya za ki yi, domin kowane rami yana da faɗin da za ki zuba masa nasa ruwan ba tare da ya malala cikin na kusa da shi ba. Ki bar tazarar santimita biyu tsakanin ramuka, ki nutsa kashi uku cikin huɗu na zurfin kek ɗin, kada ki kai ƙasa, in ba haka ba ruwan zai taru a gindin faranti ya jiƙe shi.

Kwalin jeli mai giram 85 ana narkar da shi a kofi ɗaya na tafasasshen ruwa, a juya na minti biyu har babu sauran ƙwaya, sannan a ƙara rabin kofi na ruwan sanyi. Wannan ya gaza ruwan da aka rubuta a bayan kwali, kuma haka ake so, don launi ya fito da ƙarfi. Kofi ɗaya da rabi ɗin nan ya ishi farantin duka, saboda haka idan launi uku kike so, ki haɗa sulusin kowane kwali kawai da sulusin ruwan. Ki jira ruwan ya huce ya zama ɗumi-ɗumi, ki zuba da ƙaramin cokali ko sabon sirinji marar allura, rami bayan rami. Ja da kore idan suka haɗu launin ƙasa suke bayarwa, don haka ki raba su da layin rawaya ko na lemo. A ranar 1 ga Oktoba kore kaɗai a cikin farin kek ya isa ya fitar da tutar Najeriya.

Zoɓo yana ba da jan da ya fi na kwali kyau da ɗanɗano, kuma ina ba da shawarar a gwada shi. Ki dafa zoɓo mai kauri, ki tace, ki sa sikari, ki auna kofi ɗaya da rabi. Ki jiƙa giram 7 na jelatin marar launi a cikin kaɗan daga zoɓon mai sanyi na minti biyar har ya kumbura, sannan ki narkar da shi a sauran mai zafi, amma kada ya tafasa bayan kin zuba jelatin. Akwai wurin da ake yawan yin kuskure a nan. Ɗanyar abarba da ɗanyar citta da gwanda suna ɗauke da sinadaran da ke narkar da jelatin su hana shi daskarewa, ga shi kuma da abarba da citta muka saba haɗa zoɓo. Idan kina son ƙamshinsu, ki tafasa su tare da zoɓon sosai, zafi yana kashe ƙarfin sinadaran. Kada ki sa kanwa, domin tana mayar da jan ya yi duhu. Ɗigon lemon tsami ne ke sa ya yi haske.

Daga nan sai firij, aƙalla awa uku zuwa huɗu, kwana ɗaya kuwa ya fi. Jelatin yana fara narkewa a kusan digiri 35, zafin da Gombe da Bauchi ke wucewa da rana a watannin Maris da Afrilu, don haka lissafinki ya fara daga lokacin da kike da tabbacin wuta ko janareta, ki ƙirga baya zuwa lokacin gashi. Idan babu tabbas, ki rufe farantin da leda mai kama jiki, ki ɗora shi a kan ƙanƙara cikin babbar kula, ki lura kada ruwa ya shiga. Wata mafitar ita ce garin agar, wanda daga ciyawar teku ake yin sa, babu batun dabba a cikinsa, yana daskarewa ba tare da firij ba, kuma ba ya narkewa sai zafi ya kai kusan digiri 85. Ana tafasa shi na minti biyu, rabin ƙaramin cokali ga kowane kofi na ruwa, a zuba da sauri tun yana da zafi, domin ba ya jira. Laushinsa bai kai na jelatin ba, amma ga bikin rana a lokacin bazara shi zan zaɓa. Da hunturu kuwa jelatin ba ya ba da wahala.

Saman kek ɗin zai fito da tabo-tabon launi, farin kirim ne ke rufe shi. Ki buga garin kirim da ruwa ko madara mai sanyi ƙwarai har ya tsaya a jikin abin bugawa, ki shimfiɗa bayan jelin ya daskare, ki mayar firij. Ki kai shi wurin taron cikin kula, a farantinsa, ki yanka a can da wuƙar da kike tsomawa a ruwan zafi kina gogewa bayan kowane yanka, don launi kada ya shafi farin. Farantin yana ba da yanka 24, shida a tsawo huɗu a faɗi. Idan za a raba wa baƙi su tafi da shi, ki sa kowane yanka a ƙaramar roba mai murfi, kada a haɗa shi a leda ɗaya da cincin da dubulan, ballantana abinci mai zafi. Kek mai kirim kada ya wuce awa biyu a waje, awa ɗaya idan ana tsananin zafi, abin da ya rage kuma a rufe a firij a cinye cikin kwana uku.