Yadda Za Ka Gane Katin Ɗan Wasa Mai Daraja Kafin Ka Zuba Kuɗinka

Duk wanda ya miƙo mini katin ɗan ƙwallo ya ce in faɗa masa nawa zai yi, bayan katin nake fara juyawa. Gaba ado ne, kowa na ganinsa. A baya, ko a wata kusurwa, ake samun ɗan ƙaramin rubutu irin 23/99, wato wannan shi ne na 23 cikin guda 99 kacal da kamfani ya buga a wannan launi. In ka ga 1/1, to shi kaɗai ne a duniya. In babu lamba sam, ka ɗauka akwai dubban irinsa har sai an nuna maka hujja.

Kamfanonin sukan ɗauki hoto ɗaya su yi ta sauya masa launi. A katunan Topps Chrome na kamfanin Topps, launin zinariya 50 ake bugawa, ruwan lemo 25, ja 5, sai launin da ake kira Superfractor guda ɗaya tak. A katunan Prizm na kamfanin Panini kuma zinariya 10 ne, baƙi guda ɗaya, mai ruwan azurfa kuwa ba shi da lamba. Haddace wannan tsani kafin ka shiga ciniki, don mai sayarwa zai kira kowane kati mai ƙyalli "mai wuyar samu".

To, katin da ba shi da lamba fa? Kamfanoni ba kasafai suke faɗin adadin bugu ba, amma ana iya kintata. Topps na fitar da yiwuwar cin karo da kowane launi, kamar 1:120, wato sau ɗaya a fakiti 120. Ga misali na lissafi kawai. A ce jerin yana da 'yan wasa 200, kowane yana da na zinariya 50, ka ga katunan zinariya 10,000 ke nan. In yiwuwar na zinariya 1:120 ce, ninka da 120, fakiti 1,200,000. In kowane fakiti na da kati 4, an buga kati 4,800,000, wato kowane ɗan wasa na da wajen 24,000 na gama-gari. Lissafin ba ya fita cif-cif, domin kwalaye iri-iri ne kuma kowane da nasa yiwuwar, amma ya isa ya sanyaya maka jiki kafin ka biya dala hamsin a kan kati irin wannan. Jerin katunan Topps Now ya fi sauƙi: ana sayar da katin na ɗan lokaci kaɗan, a buga iya abin da aka yi oda, sannan a bayyana adadin. Katin 'yan ƙwallon kwando LeBron James da Stephen Curry da Kevin Durant na gasar Olamfik ta 2024, adadin da aka buga ya haura guda 580,000.

Abin da ya fi damuna da sababbin shiga shi ne yadda suke ɗauka tsufa ma daraja ce. Daga wajen 1987 zuwa 1994 kamfanonin Amurka irin su Topps da Fleer da Donruss sun yi ta bugu ba ji ba gani, jama'a kuma suka yi ta ɓoyewa a kwali suna jiran arziki. Kowa ya ajiye, don haka yau yawancinsu ba su kai kuɗin aika su ta gidan waya ba. Kwatanta da katin Honus Wagner, ɗan wasan baseball na Amurka, da kamfanin taba na American Tobacco ya saka a kwalin sigari tsakanin 1909 da 1911. An dakatar da buga shi da wuri, waɗanda aka san da su yau wajen 50 zuwa 60 ne, kuma an sayar da ɗaya dala miliyan 7.25 a 2022. Katin Mickey Mantle, shi ma ɗan baseball, na Topps 1952 ya fito ne a rukunin ƙarshe na shekarar, kasuwa ta ƙi shi, har Sy Berger na kamfanin ya ba da labarin yadda daga baya aka zubar da ragowar kwalayen a teku. A watan Agusta 2022 aka sayi ɗaya dala miliyan 12.6. Ƙarancin waɗannan ba shirya shi aka yi ba, zamani ne ya cinye 'yan'uwansu, kuma ni na fi amincewa da irinsa a kan lambar da kamfani ya buga da gangan.

Sai lafiyar katin. Kamfanonin tantancewa, PSA da Beckett da SGC, suna ba da maki daga 1 zuwa 10, su rufe katin cikin roba mai tauri. Abu huɗu suke dubawa: zaman hoton a tsakiya, kusurwoyi, gefuna, da fuskar katin. Kai ma duba da kanka. Riƙe shi ta gefe, karkata shi ƙarƙashin fitila, za ka ga ƙarzuwa siririya kamar gashi da ba ta fita a hoton waya. Dubi farin layin hagu da na dama, in ɗaya ya fi kauri sosai, ka cire rai da maki 10. Kusurwar da ta ɗan yi fari ita ma ta rage kuɗi. Daga nan shiga shafin PSA ka ga guda nawa suka taɓa tantancewa na wannan katin, nawa kuma suka sami 10. Maki 10 a katin da dubbai suka samu ba abin tinƙaho ba ne. Lambar da ke jikin robar ma ka saka ta a shafin ka tabbatar, saboda jabu sun yi yawa.

Duk da haka, ƙaranci shi kaɗai ba ya sayar da kati, sai da masu nema. Katin 1/1 na ɗan wasan da ba ya barin benci zai iya shekara ba mai tayawa, alhali katin Pele na 1958, wanda kamfanin Alifabolaget na Suwidin ya buga, ya kai dala miliyan 1.33 a 2022. Masu tarawa sun fi son katin shekarar farko ta ɗan wasa, wanda yanzu ake sa wa alamar RC, sai mai sa hannu da biro a jikin katin kansa, wanda ya fi daraja a kan wanda aka sa wa hannu a sitika aka manna.

Farashi kuwa, kada ka kalli abin da masu sayarwa suka rubuta a eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, kowa na da damar yin mafarkinsa. Tace binciken ya nuna maka waɗanda aka riga aka sayar, a launi ɗaya da maki ɗaya, cikin watannin baya-bayan nan. Kasuwar tana faɗuwa kamar kowace: katin ɗan ƙwallon kwando Michael Jordan na Fleer 1986 mai maki 10 ya kai dala 738,000 a farkon 2021, kafin shekara biyu ya rasa fiye da rabin kuɗinsa. Kai da ke saye daga nan gida, ƙara kuɗin aike da na kwastan da canjin dala a lissafinka.

Kwali a rufe kuma cinikin biri a sama ne, kuma raina bai kwanta da shi ba, don ya yi kusa da caca. In Osimhen kake so, sayi katin Osimhen ɗin kai tsaye, ka nemi hoton gaba da baya kafin ka biya. Da ya iso, saka shi a leda mai laushi sannan a roba mai tauri, ka nisanta shi da rana da danshin damina, domin katunan Chrome suna lanƙwashewa in suka sha laima.