In giyar injin jirgin ruwa ta ƙi shiga bayan gyara

Jama'a don Allah kar ku danna hannun giya da ƙarfi in ta ƙi, haƙoran ciki za ku ci. Yawanci in an sauke ƙasan injin (sashen da farfela take) an mayar, sandar giyar ce ba ta zauna daidai ba, sama tana furi ƙasa kuma tana cikin giya. Kashe injin, cire wayar fulogi tukuna, farfela ba ta da tausayin yatsa. Sai ka cire kebul ɗin giya daga jikin injin ka sa giyar da hannu, wani yana juya maka farfela a hankali. In gaba da ribas duk sun kama, to saitin kebul ne kawai. In sun ƙi sai an sake sauke ƙasan. Ƙarar gurzawa kuwa, duba sulo (gudun injin in ba a ba shi wuta ba), ƙila ya yi sama.