Yadda ake lissafin matsi a lanƙwasasshen ƙarfe

Ƙugiyar injin ɗaga kaya, irin wadda ake sauke kwantena da ita a tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas, daga cikin lanƙwasarta take fara tsagewa. Duk wanda ya lissafa ta da tsarin miƙaƙƙen ƙarfe zai sami adadin matsi, wato ƙarfin ja ko danni da ke kan kowane ɗan fili na ƙarfen, wanda bai kai na gaskiya ba. Dalili kuwa, zaren ƙarfen da ke ciki ya fi na waje gajarta, saboda haka layin da babu ja babu danni a kansa yakan bar tsakiyar yankin ya matsa wajen cibiyar lanƙwasar. Tsarin da ake bi shi ne na Winkler da Bach, injiniyoyin Jamus na ƙarni na 19.

Ɗauki ƙugiya wadda in an yanka ta fuskar yankan kusurwa huɗu ce, kaurinta milimita 30; duk awon tsawo a nan da milimita ne. Daga cibiyar lanƙwasar zuwa gefen ciki, ri = 40; zuwa gefen waje, ro = 100. Faɗi h ya zama 60, girman yanki A = 30 × 60 = 1,800, daga cibiya zuwa tsakiyar yankin R = 70. Kaya P = niyuton 20,000, kusan tan 2 ke nan.

Fara nemo inda layin da babu ja babu danni ya koma, wato nisansa daga cibiya: rn = h ÷ ln(ro/ri) = 65.48 (ln maɓalli ne a kalkuleta). Tazarar e = R − rn = 4.52. A nan aikin yake lalacewa, don Allah a kula. Tazarar 'yar ƙarama ce, kuma da ita ake rabawa. In ka taƙaita rn zuwa 65, amsarka za ta ragu da fiye da kashi 10 cikin 100. Kada ka yanke lambobin bayan ɗigo sai a ƙarshe.

Ƙarfin lanƙwasa M = P × R = 1,400,000. Da R ake ninkawa, ba da rn ba.

Matsin gefen ciki shi ne M(rn − ri) ÷ (A × e × ri), ya ba da MPa 109.7 (MPa ɗaya niyuton ɗaya ne a kan kowace murabba'in milimita). Ƙara jan kai tsaye, P ÷ A = 11.1, jimla 120.8. Tsarin miƙaƙƙen ƙarfe da 88.9 kawai zai nuna maka. Gefen waje danni ne, 48.3 kawai. Shi ya sa maƙera suke kumbura ƙugiya ta ciki su sirance ta ta waje.

Idan R ya ninka h sau goma, bambancin kaɗan ne, tsarin miƙaƙƙe ya wadatar.

Lissafin nan na lafiyayyen ƙarfe ne. Iskar Legas gishiri gare ta, kuma ramin tsatsa ko sarar guduma a gefen ciki nan matsi yake taruwa. Goge wurin, ka haska da tocila, ka auna bakin ƙugiyar ka gwada da awonsa na asali. Wadda bakinta ya buɗe ko ta tsage a ajiye ta gefe, kada a kai wa mai walda, domin zafin wuta yana sauya ƙwarin ƙarfen.