Yadda Ake Mayar da Guntun Bidiyo Ya Koma Hoto Mai Motsi na GIF

Duk wanda ya taɓa mayar da bidiyo ya koma GIF ya ga abin mamaki: fayil ɗin ya fito ya fi na asali nauyi, ga shi babu sauti, launi kuma ya ɗan dusashe. Ba laifin wayarka ba ne. GIF tsohon hannu ne. Kamfanin CompuServe na Amurka ya fito da shi tun 1987, kuma kowane hoto a cikinsa ba ya ɗaukar launi fiye da 256. Bai iya matse motsi kamar tsarin bidiyo na MP4 ba, don haka aikinka daga farko har ƙarshe rage masa kaya ne.

Fara da zaɓen wurin da za ka yanka, domin a nan gizo ke saƙar. Daƙiƙa 2 zuwa 5 sun isa: harara ɗaya, tuntuɓe ɗaya, ko ƙwallo ta shiga raga. Tunda GIF maimaita kansa yake yi, duba ko ƙarshen zai haɗu da farkon ba tare da tsalle ba. Idan mutum ya juya kai ya dawo da shi inda yake, yanke daidai nan. Kuma inda mai ɗauka ya tsai da hannunsa, bango bai motsa ba, ya fi sauƙin matsewa nesa ba kusa ba.

Daga nan sai ka buɗe shafin Ezgif a burauza, ka shiga sashen Video to GIF, ka ɗora bidiyon, ka rubuta daƙiƙar farawa da ta tsayawa. Faɗin hoton ka bar shi a fiksel 480 ko kusa da haka. A waya za a kalla, ba a majigi ba.

Sai yawan hotuna a kowace daƙiƙa. Bidiyo yakan zo da 24 ko 30. Yi lissafi: daƙiƙa 5 sau 30 hotuna 150 ke nan, amma in ka sauko zuwa 12, sun koma 60. Tsakanin 10 da 15 ido ba ya ƙorafi. Ƙasa da haka motsin zai riƙa ɗingishi, ko da yake wani lokacin ɗingishin ne ke ƙara wa abin ban dariya armashi.

Danna maɓallin mayarwa, ka kalli abin da ya fito sau biyu ko uku. In har yanzu da nauyi, akwai sashen Optimize, inda za ka rage launuka zuwa 128 ko 64. Yi hattara da sararin sama da fuskar mutum, su ne ke fara tona asiri, sai ka ga launi ya yi layi-layi. In za ka sa rubutu, sa kalma uku ko huɗu, farare masu kauri da baƙin gefe.

Mai gaggawa kuwa yana da gajeriyar hanya a WhatsApp: zaɓi bidiyo, ja shi ya koma daƙiƙa 6 ko ƙasa, alamar GIF za ta bayyana, ka taɓa ka tura. Sai dai abin da ke tafiya bidiyo ne mara sauti mai maimaita kansa, ba ainihin fayil ɗin GIF ba.

Bidiyon iyali ko na sirri ni dai ba na ɗora shi a shafin da ban san masu shi ba. Irin wannan, yi amfani da manhajar da ke aiki cikin na'urarka ko babu intanet, kamar FFmpeg a kwamfuta. Kafin ka watsa, tura wa kanka tukuna ka ga daƙiƙa nawa zai yi kafin ya buɗe.