Yadda Ake Tsara Aikin Gina Shafin Intanet a Kan Kwamfutar Tebur

Mai son gina shafin intanet ba ya buƙatar cika kwamfutarsa da manhajoji, domin abubuwa uku sun ishe shi farawa: manhajar rubuta kod, burauza, da kuma Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen aiki. Wajen rubutu, Visual Studio Code, wadda kamfanin Microsoft ya fitar a shekarar 2015, kyauta ce, kuma tana aiki a kan Windows da macOS da Linux.

Da farko ka buɗe folda guda ta aikin, ka ajiye fayil mai suna index.html a cikinta, saboda shi ne sabar, wato kwamfutar da ke miƙa shafin ga masu ziyara, take fara nema idan baƙo ya shigo. HTML ne yake riƙe da ƙashin shafin, CSS ya yi masa ado, JavaScript kuma ya ba shi motsi, don haka ya fi kyau kowanne ya zauna a nasa fayil.

Batun sunayen fayiloli ya cancanci a tsaya a kansa, ko da yake mutane da yawa suna raina shi. Windows ba ya bambanta babban baƙi da ƙarami a sunan fayil, amma yawancin sabobi a kan Linux suke gudana, shi kuwa yana bambantawa. Na taɓa ajiye hoto da suna Tambari.png alhali a cikin kod na rubuta tambari.png, komai ya tafi daidai a kwamfutata, amma da na ɗora shafin sai wani ɗan akwati wayam ya tsaya a gurbin hoton, na kwashe rabin yini ina lalube. Tun daga ranar nake rubuta sunaye da ƙananan baƙaƙe zalla, ba tare da barin fili a tsakani ba.

Kada ka dogara da danna fayil sau biyu don ganin aikinka, domin wasu sassan JavaScript ba sa aiki sai ta hanyar sabar. Idan akwai Python (wani harshen rubuta manhaja) a kwamfutar, rubuta umarnin python -m http.server a tagar umarni (terminal) daga cikin foldar aikin zai tayar maka da ƙaramar sabar a adireshin localhost:8000. Maɓallin F12 kuma yana buɗe kayan bincike a Chrome da Firefox, inda kurakurai suke fitowa da jan rubutu, kuma a nan ne za ka matse faɗin shafin ka ga yadda zai kasance a allon waya. Wannan gwaji wajibi ne, tunda faffaɗan allon tebur yana ɓoye aibin da ƙaramin allo zai tona.

Shi kuwa Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, aikinsa adana tarihin canje-canje. Ka rubuta git init a tagar umarni sau ɗaya, sannan duk lokacin da wani sashe ya kammala ka yi git add da git commit tare da gajeren bayanin abin da ka sauya, ta yadda idan gyaran yau ya lalata na jiya za ka iya komawa baya.

Idan shafin ba ya buƙatar rumbun bayanai, GitHub Pages, wani sashe na dandalin ajiye kod na GitHub, zai iya wallafa shi kai tsaye daga ma'ajiyar kod ɗinka da ke can. Bayan ɗorawa, idan tsohon salo ya ƙi gushewa, ka danna Ctrl da Shift da R tare, domin burauza ta watsar da kwafin da ta ajiye ta ɗauko sabo.