Bagetin mota ya ɓalle: yadda ake cire tsohon manne a mayar da shi

A Yamai, motar da ke yini cikin ranar Afrilu da Mayu ba ta daɗewa bagetin gefen ƙofarta ya fara ɗaga baki. Wannan doguwar roba, da harufan sunan mota da ke baya, galibi ba ƙusa ke riƙe da su ba. Tef ne mai soso, mai manne ciki da baya, wanda masu shago ke kira dubul fas. Zafi ya dafa shi, ƙurar hunturu ta shiga ta inda ya buɗe, sai ya saki.

Kafin ka ja bagetin, leƙa bayansa. A wasu motoci akwai ƴan maƙalai na roba da ke shiga ramuka a jikin ƙofa, fizga ɗaya ta karya su. In tef ne kaɗai, fara da liƙa tef ɗin takarda na masu fenti a samansa da ƙarshensa biyu, don kada layin ya ɓace maka. Ɗumama wurin da na'urar busar da gashi, daga nisan taƙi guda, na minti ɗaya zuwa biyu. Sai ka zura zaren fatsa tsakanin roba da ƙarfe, ka riƙa ja dama da hagu kamar mai yanka da zarto. Kada ka lanƙwasa bagetin, wasu da siririn ƙarfe a ciki, in ya karye baya ba ya komawa daidai.

Soson da ya rage a jikin fenti, murza shi da babban yatsa tun yana da ɗumi, zai naɗe kamar ƙullun fura. Inda ya ƙi, tsohon katin roba ya isa. Reza da wuƙa da soson ƙarfe na wanke tukunya duk zane suke bari. Danƙon ƙarshe kuwa, jiƙa tsumma da kananzir ko WD-40 (man feshi na sassauta tsatsa), ɗora a kai na minti uku zuwa biyar, ka goge, ka sake in da saura. Dilyan na tsinka fenti, da ruwan goge jan farce, da man birki, kada su kusanci mota: suna cin fenti. Kuma da yake motocinmu da yawa an sake fesa su a garaji, fentin ba ya da ƙarfin na kamfani. Gwada ko wane ruwa a cikin bakin ƙofa tukuna, in launi ya hau tsumma, dakata.

A nan aikin yawancin mutane ke lalacewa. Kananzir da WD-40 da suka narkar da tsohon manne suna barin maiƙo, kuma sabon tef ba ya kama maiƙo, ko nawa ka saye shi. Wanke wurin da ruwa da sabulun wanke kwanoni, ɗauraye, bari ya bushe sarai. Sannan ka goge da alkwal na farmasi, da tsumma mai tsabta, jan hannu ɗaya zuwa gefe ɗaya, kana juya tsumman. Ka yi wa bayan bagetin haka shi ma, don rabin aikin yana can. Bayan alkwal kada yatsa ya sake taɓa wurin, kada kuma ka tafi shan shayi: lokacin hunturu minti goma sun isa ƙura ta sauka.

Tef ɗin ya zama na mota, mai soso ruwan toka, kaurinsa kusan milimita 1, irin na kamfanin 3M. Farin nan na liƙa takarda a bango ba ya kai mako a rana. Na jabu ya yi yawa a kasuwa, don haka yanki ɗan guntu ka ja: na kirki yana miƙewa kamar cingam, ba ya yagewa nan take. Sufa gulu kuwa yana bushewa ya yi tauri, girgizar hanya ta fasa shi, ya bar farin tabo, ranar cirewa ya tafi da fenti.

Kamfanin 3M ya ce a liƙa lokacin da zafi yake tsakanin digiri 21 da 38 a ma'aunin Celsius. Ƙarfen mota da tsakar rana ya zarce haka nesa, saboda haka da sassafe za a yi, a inuwa. Shimfiɗa tef a bayan bageti, layi biyu in yana da faɗi, ka bar milimita 2 daga baki, kada ka ja shi ya miƙe. Ɓare santimita 5 kawai na ledar da ke bayan tef ɗin a kowane ƙarshe, ka lanƙwaso ta waje. Daidaita bagetin da alamarka, sannan ka zare ledar a hankali kana dannawa daga tsakiya zuwa baki. Da zarar ya kama babu gyara, sai sabon tef.

Danna da tafin hannu, da ƙarfi, daƙiƙa 30 a kowane wuri. Irin wannan manne da dannawa yake kamawa. Ƙarfinsa yana kai rabi bayan minti 20, kashi 90 cikin 100 bayan awa 24, ya cika bayan awa 72. Tallafe ƙarshen biyu da tef ɗin takarda ya kwana, washegari ka cire kafin rana ta gasa shi a jikin fenti. Mai wankin mota kuma ya jira kwana uku, in ya zo kada ya saita bakin ruwa mai ƙarfi a gefen bagetin.