Darasi na 6: Sifanar awo, wadda ake ɗaure top, wato murfin saman inji, da ita

Toh 'yan aji, yau kan ɗaurin noti za mu zauna. Duk wanda ya yi zaman gareji a Sabon Gari ko Kwangila ya san yadda ake yi, oga ya zura bututu a jikin sifana ya ja har jijiyar wuyansa ta tashi, sannan ya ce "ya ji". Ni ma haka na koya, har ranar da noti ya karye min a cikin bulok, wato gangar jikin inji, muka wuni ana haƙo guntunsa, mai mota na tsaye a kanmu yana ta sababi.

Sifanar awo, wadda makanikai ke ce wa tok, aikinta ta gaya maka ƙarfin da ka sa. Lambobin jikinta iri biyu ne, Nm da ft-lb, duka ma'aunin ƙarfin ɗauri ne, kuma nan ne mutane ke faɗawa rami, don ft-lb 1 ya kai Nm 1.36, kaga in littafin mota ya ce Nm 60 kai kuma ka saita 60 a layin ft-lb ai ka ɗaure sama da 80 kenan, ka wuce gona da iri.

Ita sifanar iri-iri ce. Akwai mai allura, tana lanƙwasa kana karanta lamba, ga arha ga wuyar lalacewa, sai dai dole idonka ya kasance daidai saitin allurar. Akwai mai batir da ke yin ƙara, wannan sai mai kuɗi. Wadda ta fi yawa a hannun mutane ita ce mai cewa "tak". Ka murɗa marikinta zuwa lambar da kake so, ka ja a hankali, da ta ce tak ka tsaya, kar ka ƙara ko kaɗan. Mai kyau a cikinsu kuskurenta bai wuce kashi 4 cikin 100 ba, amma fa ba a ƙasan ma'auninta ba, wadda ke kaiwa Nm 200 kar ka yarda da ita a ƙasa da 40, shi ya sa ba a ɗaure fulogi da babba. In ka gama ka mayar da ita lamba mafi ƙanƙanta don sifirin ɗin ciki ya huta. Kuma don Allah kar a kwance noti da ita, ba kuma guduma ba ce.

A top, daga notin tsakiya ake farawa a fita waje ana tsallakawa, zagaye biyu ko uku, ba lokaci ɗaya ba, in ba haka ba gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin top da bulok, ya ƙone ruwa ya haɗu da baƙin mai. Ramin notin ma a goge shi tas tukuna.

Kana so ka san ko sifanar taka na faɗin gaskiya? Kama bakinta gam a kan benci, jikinta a kwance, ka auna santimita 50 daga bakin, ka rataya jarka mai ruwa lita 20 a wurin. Wajen Nm 98 kenan, in ka saita ta kusa da nan ya kamata ta ce tak.

Aikin gida: littafi ya ce ft-lb 50, Nm nawa za ka saita? A zo da amsa ranar Asabar.